Ranar da Shef Ilu Ya Ba Darakta Bokiti

Duk wanda ya yi aiki a asibitinmu na nan Konni ya san marigayi Shef Ilu ba ya gaida mutum sai ya gaida injin. Shi ke shugabancin masu gyara, gurup da pampo da na'urorin sanyi duk a hannunshi suke, ni kuma mai wuta ne a ƙarƙashinshi. Da safe zai dafa sukundireba a jikin gurup, injin bada wutarmu, ya kanga kunne. Ka ce mishi ina kwana, ya ce, "Shiru, Mamman! Tsohuwa na magana."

Ga shegen maƙo! Na taɓa yar da tsohon noti, ya sa ni tonon bola har azahar. Da na samo, ya juya shi ya ce, "Lallai ya mutu. To, yanzu ka yar."

Wata rana cikin bazara baƙi sunka zo daga Tawa ganin asibiti. Ana tsakar taro wutar gari ta ɗauke, ga wata mata daga Dogarawa kwance ɗakin fiɗa, an riga an buɗe ciki za a fiddo jariri. Munka tada gurup, sai tari take, tana neman mutuwa. Shef ya ce, "Kashe ko'ina, ka bar ɗakin fiɗa kaɗai."

"Har buron Darakta, inda yake zaune da baƙi?"

"Da shi za ka fara!"

Na je na kashe. Ban juyo ba sai ji na yi ƙas! Wayar totur ta tsinke, fitila ta yi ja. Shef ya cusa hannu ta gefen salansa, ƙarfen da ko kusantarshi ba a yi don zafi, ya danne totur da yatsa. Wuta ta dawo.

"Ruwa, Mamman! Ku watsa ma lagireto, ta yi zafi!"

Sai ga Darakta, zufa sharkaf, babban baƙo na bin shi. "Ilu! Wa ya ba ka izinin kashe mini buro? Yau ka bar aiki!"

"Na ji, ranka ya daɗe. In na saki, matar can ta tafi. Ga bokiti nan, pampo na baya."

Darakta ya dubi hannun Shef. Ya ɗauki bokiti. Baƙon ma ya naɗe babbar riga ya bi shi. Muna ta jido, ina jin ƙaurin fata, tsoro ya hana ni duban wurin. Shef sai cewa yake, "Daure, tsohuwa, saura kaɗan."

Can ungozoma ta leƙo ta taga: "An rufe! Uwa da ɗiya lafiya!"

Shef ya zare hannu, duk ya saɓule. Darakta ya matso, ido ya cika, zai yi magana. Shef ya riga shi: "Bokitin na ma'aikata ne, ranka ya daɗe, a maida shi wurinshi."

Munka yi dariya har da hawaye. Amma yatsu uku na hannun nan ba su sake lanƙwasuwa ba har ya rasu. Ni na yi mishi wanka, kuma da na kama hannun kuka ya ƙwace mini.

Ya Allah, hannun da ya ƙone don baiwarka ta rayu, kada ka bari wuta ta sake taɓa shi. Amin.