Adireshin da Abuja Ta Kasa Samu

Litinin: Zariya zuwa Abuja

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka fito daga gida a Ƙofar Gayan, ni da ƙanena Nasiru. Keke napep ya kai mu tasha, muka yi sallah a can, shida saura ashirin mota ta tashi.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a gidan rediyo. Nasiru injiniyan kwamfuta ne. Shekara biyu ke nan muna haɗa wata manhaja da ke kai baƙo gida a cikin birnin Zariya, inda gidaje ba su da lamba, sai sunan mai gida. Ka rubuta sunan, murya ta ja ka lungu-lungu har ƙofar zaure. Muryar tawa ce. Wata hukumar gwamnati da ke tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha ce ta gayyace mu mu yi bayani. Nasiru ya riga ya gaya mini gaskiya: idan ba mu samu tallafin ba, zai karɓi aikin da aka yi masa tayi a Legas, manhajar ta mutu.

Bayan Jaji direbanmu, Malam Iro, ya leƙo ni ta madubi.

"Hajiya, muryar nan na san ta. Ba ke ce mai labaran ƙarfe bakwai ba?"

"Ni ce."

"To, yau me aka wayi gari da shi?"

"Sai gobe za a sani, Malam Iro."

Bakwai saura biyar muka wuce Kawo. Shingen bincike huɗu na ƙirga daga Kaduna zuwa Jere, a ɗaya kawai aka buɗe jakar kwamfuta. A Kateri muka tsaya minti ashirin, na ci ƙosai da kunu, Nasiru ya kasa cin komai. Sha ɗaya saura goma muka sauka Zuba, kimanin kilomita ɗari biyu da arba'in daga gida.

Litinin da rana: teburin rajista

Jami'ar da ke rajista, Madam Rifkatu, ta jawo fayil ɗinmu. Da jan tambari a kansa.

"An tura jami'inmu na Kaduna, Mista Bulus, ya duba ofishinku ranar Alhamis. Awa biyu yana yawo. Ya rubuta cewa bai same shi ba. Kamfanin da ba a tabbatar da adireshinsa ba, ba ya shiga lissafi."

Na karɓi fom ɗin na duba abin da Nasiru ya rubuta a gurbin adireshi: Gidan Malam Tanko mai wasiƙa, ta bayan rijiya, Ƙofar Gayan. Malam Tanko tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin yana raba wasiƙu a birni. A shagon gidansa ofishinmu yake, kuma daga bakinsa muka kwashi rabin sunayen da ke cikin manhajar.

"Nasiru, wannan ka aiko wa gwamnatin tarayya?"

"Yaya, to me zan rubuta? Ko jariri ya san gidan."

"Jaririn Abuja fa?"

Madam Rifkatu ta danne dariya. Na roƙe ta abu ɗaya: a sake tura Mista Bulus gobe da safe, wannan karon da manhajarmu a wayarsa. Ta shiga wurin shugaban kwamitin, minti ashirin da biyar muna tsaye. Ta fito ta ce an yarda, amma gobe sha biyu daidai ake rufe jerin sunaye. Layinmu sha ɗaya da rabi.

Mun kwana a Kubwa, gidan Gwaggo Asabe. Tuwon shinkafa da miyar taushe ta yi mana, ta ce ita ma da ta je biki Zariya bara sai da aka fito aka ɗauko ta daga bakin kasuwa.

Talata: gaban kwamiti

Mutum biyar ne a kwamitin, kamfani kowane minti biyar. Waɗanda suka riga mu duk an katse su da ƙararrawa. Ni da na saba a gidan rediyo ana ɗaga mini yatsa ta bayan gilashi in lokaci ya cika, na gama a minti huɗu da daƙiƙa hamsin. Na faɗa musu wa ke buƙatar aikin: masu keke, masu kai kaya, da direban motar asibiti da ke neman gidan mai naƙuda.

Shugaban ya ce bayanin ya yi, amma ina ofishin?

Sha biyu saura ashirin Mista Bulus ya kira daga Ƙofar Doka, mota ta ɓata masa lokaci. Madam Rifkatu ta buɗe lasifikar wayarta ta ajiye a tebur. Ya hau babur, ya rubuta sunan gidan. Sai ga muryata ta cika ɗakin: "Ka bi titi har ƙofar gari. Ka wuce masu ɗinkin hula, ka kama hagu." Nasiru ya riƙe gefen tebur da hannu biyu. Sau ɗaya ɗan acaɓan ya zarce, muryar ta ce, "Ka wuce. Dawo baya, lungun da ke da tsamiya."

Sha biyu saura bakwai muka ji babur ya tsaya.

"Madam, na zo. Ga allon kamfanin, ga ma'aikata biyu a ciki."

Sai wata murya ta shigo, ta Malam Tanko.

"Kai, ba kai ne ka wuce ta nan sau uku ranar Alhamis ba? Ina zaune a dakalin nan! Idonka na kan waya, ko sallama babu. Da ka ce salamu alaikum da ka sha fura ka koma gidanku."

Ɗakin ya kaure da dariya. Shugaban ya jawo fayil ɗin ya soke jan tambarin da kansa.

Ƙarfe huɗu da kwata aka karanta sunayen waɗanda suka samu. Mu ne na shida. Tallafin zai riƙe mu shekara guda, kashi-kashi za a bayar, da sharaɗin rahoto duk wata uku. Nasiru ya fita baranda, na ji yana cewa da wani a waya, da Turanci, ya gode amma ba zai zo Legas ba.

Laraba: komawa gida

Ƙarfe shida muka bar Zuba, sha ɗaya da rabi muna ƙofar gida. Malam Tanko muka tarar a dakalinsa, ya sa babbar riga kamar ranar Juma'a. Bai bari mun gama gaisuwa ba ya ce saura sunayen gidajen unguwar Kufena, kuma shi ba ya ƙara ƙuruciya, mu kawo abin ɗaukar magana gobe bayan hantsi.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Gwaggo Asabe, da Madam Rifkatu da ta shiga ofishin nan ta yi mana magana, da Mista Bulus da ya yarda ya sake hawa hanya. An ce furar ma ya sha, kwano biyu.