Kifin da Malam Sabo Bai Taɓa Ɗanɗanawa Ba

Matso kusa, mai karatu, in faɗa maka abin da na kasa faɗa wa maƙwabtana. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sabo, a nan Alƙahira. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ba ni da yawo. Daga ɗakinmu a Hayyin Ashir sai kasuwa. Amma kunnena ba ya zubar da magana, kuma wata maganarsa ce yau ta hana ni sukuni.

Karatu ne ya kawo Malam daga Katsina. Da tallafin karatun ya yanke, ga ni ga yara, sai ya samu aikin girki a wani gidan ci da sha na Turawan Ingila a unguwar Dokki, irin wanda suke yi a ƙasarsu. Ban taɓa taka wurin ba, amma na san shi kamar madafata, don kullum da labarinsa yake dawowa. Baƙin katako ko'ina, fitila dishi-dishi ko da rana tsaka. Ba mai zuwa teburinka ya tambaye ka me za a kawo. Kai za ka tashi ka je gaban kanta ka faɗa. In abokai suka zauna, ɗaya ya saya wa kowa giya, a shanye, wani ya tashi, har layi ya zago. Ran Lahadi gasasshen nama da romo, ko ƙwayar barkono babu. Malam har tausayinsu yake ji.

Abin da suka fi so shi ne soyayyen kifi da dankali. To, ƙullun da ake tsoma kifin, da giya ake kwaɓa shi. Shekara da shekaru Malam yana soya kifin nan bai taɓa kai shi baki ba. Da kunne yake gane ya soyu: in man ya daina ihu ya koma raɗa, sai ya tsame. Ran Juma'a yakan yi mana namu a gida da ruwan soda, ya ce, "Talatu, yi shiru ki ji, kifi na magana." In ce, "Malam, ni da shiru ai sai a kabari." Ga shi ya riga ni yin shirun.

Ba zan ce zuciyarsa ta kwanta da aikin ba. Ya sha tambayar malamai, wasu ɗalibai ma sun daina cin tuwonmu. Amma ya ja wa kansa iyaka, ita ce ƙofar kicin. An sha yi masa tayin komawa kanta, inda albashi ya fi tsoka, ya ƙi. Dalilinsa wata al'ada ce tasu: Bature in ya ji daɗi, sai ya ce wa mai zuba masa, kai ma zuba wa kanka, ni zan biya. A wurinsu alheri ne. "Yau ka ce a'a, gobe ka ce a'a," in ji Malam, "ranar da ka tashi da baƙin ciki fa? Ni mutum ne, Talatu, ba dutse ba."

Yanzu ga autanmu Habibu ya zama saurayi. A nan aka haife shi, amma takarda ta ce baƙo ne. Iƙamarsa ta zama a ƙasar ta ƙare, karatu ya tsaya, ya zaga garin nan neman aiki har takalminsa ya huje. Makon jiya ya je Dokki. Masu wurin sun tuna babansa, sun karɓe shi hannu biyu, har sun ce za su tsaya masa a kan takardu. Sai dai kicin a cike yake. Kanta ce ba kowa.

Na ce, "Habibu, inda babanka ya ƙi tsayawa?"

"Umma, lemo zan riƙa sha. Ai ana iya cewa a'a."

"Kullum?"

"To khalas, shi ke nan, ki bar ni in bi abokaina. Motar Libiya ƙarshen wata za ta tashi, daga can sai teku."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga, da na samu sauƙi. Na san muryarsa in barazana yake, na san ta in ya gama shawara, kuma wannan ta gama shawara ce. A unguwar Arba wa Nus na san iyaye mata da 'ya'yansu suka bi hanyar nan, har yau in waya ta yi ƙara sai su ruga su ɗauka.

Malam, da kana nan me za ka ce? Lokacin da ka ja iyakarka akwai kicin da za ka fake a ciki. Shi Habibu ba a bar masa ba. Wani lokaci in ji kamar za ka ce gara talauci, wani lokaci in ji kamar da kanka za ka raka shi Dokki, don dai kada ruwa ya ci shi.

Juma'ar da ta wuce Habibu ne ya soya mana kifi. Ya karkata kai yana sauraron mai, sak babansa, har na juya baya don kada ya ga idona. Kunnen dai ya gada, na ji da kunnena. Ko ya gaji a'ar nan ta kullum, Allah kaɗai ya sani.

Ya ce bakina yake jira, wata kuma ya kusa ƙarewa. Kai da kake karantawa, in ɗanka ne, ina za ka tura shi: bayan kanta, ko cikin teku?