Goggo Tafireta da Takarda Mai Manyan Baƙaƙe

Duk wanda ya bi ta makarantarmu ta sakandare a shekarun nan ya san Goggo Tafireta. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan tun lokacin da da tafireta take aiki, aka zo aka kawo kwamfuta, sunan ya ƙi barin ta. Ni malamin lissafi ne, shekara goma sha ɗaya muka yi tare, amma ko ni in aka ce in faɗi sunanta na gaskiya sai na tsaya na sosa ƙeya.

Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin malamai da sito. Tebur ɗaya, kabad na ƙarfe mai kwaɗo biyu, da fanka mai kuka kamar yau za ta faɗo. A nan take buga duk abin da makaranta ke fitarwa, daga wasiƙun iyaye har tambayoyin jarrabawa. 'Yar tela ce, ita ce babba cikin su bakwai. Aikin jinya ta so yi, amma tana aji uku ciwo ya kwantar da mahaifinsu, dole ta bar karatu ta shiga koyon buga rubutu na wata shida don ta samu abin riƙe gida. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu 'ya'yansu uku suna ƙanana, da yatsun nan goma ta rene su. Da kwamfuta ta zo, mutane suka ce shi ke nan, ta Goggo ta ƙare. Ta sa babbar 'yarta ta koya mata a gida. Sai dai hannun da ya saba da tafireta bai san lallashi ba, kibod biyu ta kashe kafin ta yarda cewa wannan ba a dukan sa.

Ba ta da wasa a kan jarrabawa. Da zarar mun miƙa mata tambayoyi sai ta garƙame ƙofa, ko shugabar makaranta ce sai ta ƙwanƙwasa. In ka leƙo ta taga za ka ji ta ce, "Malam, tsaya daga nan, kunnena lafiyarsa ƙalau." Shekara ashirin da takwas ba a taɓa jin tambaya ta fita ta hannunta ba. Shi ya sa abin da ya faru ya girgiza kowa.

Akwai wata yarinya a aji huɗu, zabiya ce, mai farar fata da raunin ido, mahaifinta mai facin taya ne a bakin titi. Auta yake kiran ta, mu ma muka bi. A cikin aji in na yi tambaya da baki, kafin a ɗaga hannu ta ba da amsa. Amma a rubuce, tambaya uku ko huɗu take amsawa cikin goma, sauran takardar fara fat. Na sha rubuta mata a rahoton ƙarshen zango: "Tana da ƙwaƙwalwa, amma ragguwa ce." Ban taɓa zaunar da ita na tambaye ta dalili ba.

Ranar farko ta jarrabawar ƙarshen zango takardun amsa suka ƙare a babban ɗakin taro, Goggo ta kawo ƙari da kanta. Tana bi ta tsakanin layuka ta ga Auta a gefen taga, rana na dukan teburinta, ta kifa fuska har hancinta na gogar takarda, hannu ɗaya ta kare ido da shi, hawaye na zuba ba na kuka ba. Da aka tashi ta tare ta a baranda.

"'Yata, zo nan. Me ya hana ki gamawa?"

"Goggo, rubutun ne ƙanana. Kafin in haɗa tambaya ɗaya lokaci ya tafi, kuma in na daɗe ina kallo sai layukan su riƙa rawa."

"Kin faɗa wa malamanku?"

"Na faɗa tun muna aji ɗaya. Aka ce in sa tabarau. Baba ya saya mini, amma bai yi wani amfani ba, sai na yi shiru kada a ce na cika ƙorafi."

Goggo ta gyara mata kwalar riga ta ce ta tafi gida.

Washegari jarrabawata ce. Goggo ta zo da sassafe, ta buɗe tambayoyina a kwamfuta, ta ƙara girman baƙaƙen har shafi uku suka zama tara, ta buga kwafi ɗaya tak. Ta sa a ambulan daban, ta shiga ɗakin jarrabawa ta ajiye a gaban Auta, ta ce wa mai sa ido, "Wannan nata ne." Mai sa idon sabuwar malama ce, watanta biyu da fara aiki, kuma tsoron Goggo take ji kamar kowa, sai ta ƙyale ta.

Da na zauna duba takardu na ga Auta ta ci tamanin da ɗaya. Yarinyar da ba ta taɓa haura talatin ba. Na sake lissafawa, haka yake. Na tambayi mai sa ido ko ta ga wani abu, ta ce ita dai ta ga Goggo ta kawo wa yarinyar ambulan na musamman. Ba zan ɓoye ba, ni ne na kai maganar wurin shugaba. A raina na riga na yanke cewa amsa aka kai mata.

Aka kira zama ranar Laraba a ofishin shugaba: ita, mataimakinta, jami'in jarrabawa, da ni. Saura shekara biyu Goggo ta yi ritaya, kuma kowa ya san hukuncin wanda aka kama da fitar da jarrabawa kora ce, babu fansho. Ta shigo da jakarta a hammata, ta ƙi zama sai da aka ce mata sau biyu. An aika wa mahaifin Auta, ya zo a kayan aikinsa, duk baƙin taya, ya rakuɓe a bakin ƙofa yana cewa kada ya ɓata kujera.

Shugaba ta ce, "Goggo, an ce kin kai wa ɗaliba ambulan a ɗakin jarrabawa."

"Na kai, ranki ya daɗe."

"Me ke ciki?"

"Tambayoyin Malam ne, ba ƙari ba ragi. Girma kawai na ba su." Ta buɗe jaka ta zaro takardun tara, waɗanda ta karɓe daga hannun yarinyar bayan an tashi, ta shimfiɗa a tebur. Kowace lamba kamar ƙwayar gyaɗa.

Jami'in jarrabawa ya ce, "Da iznin wa?"

"Ba iznin kowa. Nan ne laifina, kuma na yarda. Na ga in na tsaya rubuta takardar neman izni, kafin a sa hannu an gama jarrabawa." Ta juyo ta dube ni. "Malam, ƙanena haka aka yi masa. Aka yi ta dukan sa ana cewa daƙiƙi ne har ya gudu daga makaranta. Sai da ya yi gemu aka gane kunnensa ɗaya ne ba ya ji."

Mataimaki ya ce shi dai bai ga yadda girman rubutu zai ɗaga talatin zuwa tamanin ba. Mai faci ya buɗe baki a karo na farko, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. Amma yarinyar nan in na faɗa mata awon iskar taya goma sha biyu da baki, gobe za ta maimaita mini su a jere. Ba ta sata. Ku gwada ta."

Shugaba ta turo mini farar takarda da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. "Malam, rubuta sababbin tambayoyi goma, yanzu, a gabanmu. Manya-manya."

Na rubuta, kuma Allah ya gani ban sassauta ba. Aka kira Auta, aka saki labule, aka zaunar da ita a teburin shugaba ta juya wa taga baya. Ba ka jin komai sai agogon bango da ƙarar biro. Goggo ta ƙura wa ƙasa ido. Minti hamsin yarinyar ta ajiye biro. Na duba a tsaye, kowa na kallon hannuna. Tara daidai. Ta goman ma hanyar daidai take, alamar ragi ce ta ɓace mata a layin ƙarshe.

Na ce, "Tara."

Mai faci ya zame ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hula yana fifita, yana ta "Alhamdu lillahi." Goggo ta sauke wani dogon numfashi, ta ce a taimaka mata da ruwa. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai. Na ce, "Goggo, ki yafe ni." Ta ce, "Aikinka ka yi. Da ni ce ma zan kai ƙara. Amma ka je ka goge kalmar nan ta ragguwa."

Duk da haka shugaba ta ce doka doka ce, sai an ba Goggo takardar gargaɗi saboda shiga ɗakin jarrabawa ba izni. Matsalar ita ce duk makarantar ba mai buga wasiƙa sai ita. Haka ta zauna ta buga wa kanta gargaɗi, ta gyara wa shugaba kuskure biyu a ciki, ta kai aka sa hannu, ta karɓa ta ce ta gode. Mako guda ana dariyar wannan a ɗakin malamai.

Abin bai tsaya kan Auta ba. A taron malamai na farkon zango shugaba ta ce kowane malamin aji ya zauna da ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su abin da ke ba su wuya, ba a gaban 'yan'uwansu ba. Aka gayyato ma'aikatan asibiti suka auna ido da kunne. Mutum goma sha huɗu aka samu. A cikinsu biyar ido ne, uku kunne, akwai wata da baƙaƙe ke juye mata in tana karatu ko da yake idonta garau, akwai kuma mai keken guragu da abokai ke ɗauka su hau da shi bene kullum tsawon shekara biyu, mu muna ganin zumunci ne, ba mu ga wahalar ba. Aka sauko da ajinsu ƙasa, aka zuba siminti a bakin ƙofa don keke ya hau. Masu matsalar ji aka dawo da su layin gaba, aka ce mu daina magana muna fuskantar allo. Ni da na saba rubutu shiru, na koyi faɗin duk abin da nake rubutawa da ƙarfi. Auta aka ba ta wuri nesa da taga, da gilashin ƙara girman rubutu, da ƙarin rabin awa a kowace jarrabawa, aka kuma yarda ta sa hula mai baki da riga mai dogon hannu a filin taro, don kada rana ta ƙona mata fata.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu iyaye suka zo suna cewa ana fifita wasu yara, wani malami ya ce an ƙara masa aiki ba a ƙara masa komai ba. Wasu abubuwan kuma har yau ba mu samu ba, kamar mai fassara da hannu. Amma an kwashe tarkacen da ke sito, aka sa tebura huɗu da labule mai kauri, ya zama ɗakin taimako. Bayan wata bakwai ana rubuta wasiƙu, hukumar ilimi ta turo mana malama mai horo a wannan fanni, tana zuwa kwana uku a mako. Ita da Goggo suka ƙulla. Goggo ta buɗe wani littafi mai bangon kwali, ta rubuta kowane ɗalibi da irin takardar da ta dace da shi: wannan manyan baƙaƙe, wannan tazara tsakanin layuka, wannan takarda mai ruwan ƙwai don fara tana kashe masa ido. In malami ya kawo tambayoyi a makare sai ta ce, "Da can kwafi iri ɗaya nake bugawa, yanzu iri biyar ne. Ka kawo da wuri ko ka buga da kanka."

Goggo ta yi ritaya Auta na tsakiyar aji shida. Kafin ta tafi ta zaunar da wadda ta gaje ta mako uku tana nuna mata littafin nan. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Jarrabawar fita ba mu ke buga ta ba, daga waje ake kawo ta a rufe. Makaranta ta cike takardun neman a aiko wa Auta da wasu biyu masu manyan baƙaƙe, Goggo ce ma ta buga su, amma har ta tafi ba amsa.

Ranar da za a fara, na iso ƙarfe bakwai da rabi na tarar da ita zaune a benci a baranda, jaka a cinya.

"Goggo, ba kin huta ba?"

"Wucewa nake yi," in ji ta. Gidanta kuwa mota biyu ake hawa.

Jami'in da aka turo ya iso da buhun takardu, ya yanke hatimi a gaban shugaba, ya fara fito da ƙunshi yana ƙirgawa. Muna tsaye a bakin ƙofa. Ƙunshi na ɗaya, na biyu, har na shida, duk iri ɗaya. Na ji Goggo ta kama hannun rigata. Mutumin ya leƙa buhun, ya zura hannu can ƙasa, ya jawo wani faffaɗan ambulan da ya naɗe a gindi, ya duba bayansa ya ce, "Su wa ke da manyan baƙaƙe? Mutum uku."

Goggo ta saki rigata. Ta tsaya har ta ga an ajiye wa Auta tata, ta ga yarinyar ta buɗe shafin farko ta ɗauki biro ba tare da ta kifa fuska ba. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "To Malam, bari in koma, na bar wanki a jiƙe."

Na raka ta har bakin titi. Motar farko da ta tsaya a cike take, ta ce ba komai, yau ba ta sauri.