Furar da Inna Ta Rufe da Faifai

A gidanmu na Roni, lokacin sanyi in an idar da sallar isha'i, Inna Dije, kakata ta wajen uba, takan tura karan dawa cikin wuta, mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Babana ne ɗanta na fari, don haka saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko gaishe ta ya zo yi, bango take kallo ta amsa. Abin yana ci mini rai, na ɗauka ba ta son sa.

Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana. Wata mata ce ɗanta na fari ya bi shanu kudu, damina bakwai babu labarinsa. Ran da ya dawo, gari ya taru a ji abin da uwar za ta ce. Ita kuwa ta tura masa ƙwaryar fura, ta ce, "Sha." Nan Inna take rufe tatsuniyar da ƙurunƙus kan ɓera.

"Haba Inna, shi ke nan?" in ji ni. "Ko kuka ba ta yi ba?"

"Kai maigidan nan, ga rowa ga surutu," ta ce tana dariya. "Abin da ya cika ciki, yaya zai bi ta ɗan bakin nan ya fito?"

Na girma, Baba ya yi hatsarin mota a hanyar Kazaure. Kwana arba'in ina jinyarsa a Kano, har an fara fid da rai. Aka ce Inna ba ta tambayi jikinsa ba, in ana zancen ma tashi take. Na ji haushinta ƙwarai.

Ran da muka dawo, ya dogara sanda har ƙofar ɗakinta ya rusuna. Ta juya fuska bango, ta turo ƙwarya rufe da faifai.

"Sha," ta ce.

Ƙanwata ce ta gaya mini daga baya: tun ranar hatsarin, kullum sai Inna ta dama fura ta rufe, ta zauna tana kallon zaure. In magariba ta yi, ta ba maƙwabta sadaka.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ina kewarta har yau. Ran da ungozoma ta miƙo mini 'yata ta fari a zani, na buɗe baki ban sami ko kalma ɗaya ba. Tun daga ranar ban ƙara cewa tatsuniyar nan ta ƙare da wuri ba.