Ɓerayen Wurin Aikina da Ƙahon Baba

Mahaifina bai taɓa gaya wa kowa a Tudun Wada ainihin aikina ba. In an tambaye shi a masallaci sai ya ce ina jami'a kawai. A gida kuwa ba ya raga mini. "Duk wannan karatu, Uwata, a kiwon ɓera ya ƙare?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Gaskiyarsa, kiwon ɓera nake yi. Daga ƙasar waje aka kawo su, an sauya musu ƙwayar halitta don garkuwar jikinsu ta yi kama da ta ɗan Adam. Da su muke nazarin wata cuta, wadda garkuwar jiki ke juyawa ta cinye ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini in an ji rauni. Mai wannan cuta, ɗan tsaga kaɗan sai jini ya ƙi tsayawa.

Wata damina tabo baƙaƙe suka fito wa Baba a ƙwauri da damtse, ba tare da ya bugu ba. In ya yi asuwaki sai ya tofar da jini. A asibiti aka auna, aka ce cutar ce, aka ba shi magani. Ya sha na kwana biyu ya ajiye. Abokansa na zaure sun riga sun yanke hukunci cewa mataccen jini ne, ƙaho kaɗai ke fitar da shi. Ya aika wa wanzaminsa na shekara da shekaru ya zo ranar Juma'a da hantsi.

Na yi bayani har bakina ya gaji. Ya ce tun kafin a haife ni ake yi masa ƙaho. Raina ya ɓaci, kuma na tsorata, domin na san abin da aska za ta yi a bayan nan nasa. Sai na roƙe shi ya raka ni wurin aiki kawai. Don neman abin tsokana ya yarda, muka hau keke.

Baƙo ba ya shiga ɗakin ɓerayen, ta gilashi ya leƙa. Ya ga na wanke hannu, na sa riga da safar hannu. Ya ji sanyin na'ura, ya ce ɓera na shan iska mu muna kwana cikin zafi. Na ɗauko guda cikin masu cutar na kawo jikin gilashin. Kunnuwansa da tafin ƙafarsa duk ɗigo-ɗigon jini ne a ƙarƙashin fata. An ɗan tsaga wutsiyarsa don gwaji, ina danne wurin da auduga, da na ɗaga sai jini ya sake tsattsafowa. Baba ya daɗe yana kallo. Ya naɗe hannun rigarsa ya dubi damtsensa, ya sauke. Har muka dawo gida bai tsokane ni ba.

Washegari Juma'a wanzami ya zo da zabirarsa. Mace ba ta shiga zaure in maza na ciki, don haka na tsaya bayan ƙofa. Na ji ana jera ƙahoni a tabarma, na ji ana wasa aska.

"Malam, a tuɓe riga," in ji wanzami.

Sai Baba ya ce, "Mayar da kayanka. Ko gashin ma da almakashi za ka rage mini."

"Lafiya dai, Malam?"

"Na je dubiya ne jiya. Ciwonmu ɗaya da mara lafiyar, na kuwa ga yadda aska ta yi da shi."

Wanzami ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya tambaya ko ɗan unguwa ne. Baba ya ce a'a, baƙo ne, a hannun 'yarsa yake jinya.