Amshin da Na Yi wa Kaka

Shekaranjiya ina yanka albasa a gidanmu na unguwar Malaz sai na ji wani kiɗa yana fitowa daga wayar 'yata. An ƙara masa sauri, an lafta masa ganguna, amma ko daga barci aka tashe ni da shi zan gane shi. Na ajiye wuƙar na leƙa falo. Ita kuwa tana ta rausaya abinta, ba ta san siririyar muryar da ke amshi a ciki ta uwarta ce ba.

Idan ka girma a Kano ko Maraɗi a shekarun kaset, ka san waƙar, ko da ba ka so. Abin da ba ka sani ba shi ne a ɗakinmu na Shumaisi aka yi ta, a nan Riyadh, kuma tsohuwa ɗaya tak aka yi wa.

A Riyadh aka haife ni. Baba direba ne, Umma tana yin waina da funkaso ga 'yan gida masu kewar abincin gida. Larabci na tashi da shi, a makaranta da kan titi. Hausa ina ji kaɗan-kaɗan, amma bakina ya ƙi ta. Duk wata Umma takan ja ni shagon buga waya mu kira Kaka, mahaifiyarta, a Kano. Da an manna mini wayar a kunne sai in yi tsit, ina jin numfashin tsohuwar tana jira. Wata rana na ji ta ce wa Umma, “Yarinyar nan ta ɓata mini ke nan. Zan mutu ban ji muryar jikata ba.” Umma ta yi kuka a hanya har gida, ni kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Kawu, ƙanen Umma, yana aikin ɗaukar kaya a wani sito a Sulay. Ranar Juma'a kawai muke ganinsa, da warin kwali da man inji a jikinsa, ya cinye shinkafar mutum biyu yana zagin tuwon da suke tuƙawa a ɗakin ma'aikata. Yana da wata 'yar fiyano mai batir da ya tsinto a kasuwar gwanjo, maɓalli ɗaya ya karye, an ɗaure bayanta da salatif. A wancan zamani ba a jin kiɗa a titin Riyadh, shi ya sa a cikin bargo yake kawo ta kamar jariri. Da ya ji labarin wayar, sai ya dube ni ya ce, “Ke Balarabiya, ta'ali, zo nan. In magana ta gagare ki, waƙa ba za ta gagare ki ba.”

Lokacin zafi ne, irin zafin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Dole a kashe na'urar sanyi saboda gurnaninta yana shiga kaset, sai muka zauna muna tsiyayar gumi. Kawu ya danna wani maɓalli, fiyano ta fara bugun ganga da kanta, ya ɗora mata wani sauti mai kama da sarewa. Shi ne zai yi muryar Kaka, ya ce, “Ina jikata ta shiga?” Ni kuma in amsa, “Ga ni nan, Kaka, ban ɓata ba.” Sai da muka yi Juma'o'i muna fama, don ni “bata” nake cewa har Umma ta gaji da dariya. Baba bai yarda da kiɗa ba, bai kuma hana ba. Da ya ga bargon Kawu sai ya tuna motar kafilinsa, wato ubangidansa, tana bukatar wanki, ya ɗauki bokiti ya fita.

Aka ba wani mai tafiya gida kaset ɗin, tare da dabino da turare. Abin da ba mu lissafa ba shi ne halin Kaka. Ba ta iya riƙe daɗi ita kaɗai. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya zauna ya saurara, ko da ɗebo wuta ya zo yi. Ta kai shi suna, ta kai shi biki, wata maƙwabciya ta ara, ɗan maƙwabciyar ya kai wa mai shagon kaset ya kwafa. Kafin shekara ta zagayo 'yan acaɓa da motocin haya sun ɗauka, daga nan gidan rediyo. Kusan kowane gida akwai wanda ya tafi ci-rani ko ƙasa mai tsarki aka daina jin ɗuriyarsa, don haka kowa ya ɗauka shi aka yi wa. Har cewa ake yi a wani babban ɗakin ɗaukar waƙa na ƙasar waje aka yi ta. Mu dai ba mu san wainar da ake toyawa ba, sai da wani sabon zuwa ya shiga sito yana rera ta a gaban Kawu, da Kawu ya gyara masa kuma ya yi masa gardama cewa ba haka ake rera baitin ba.

Na kusa zama budurwa kafin takardunmu su daidaita mu je Kano. Na tarar idanun Kaka sun tafi. Tana zaune a kan tabarma, ƙarama fiye da yadda na zata. Na durƙusa da gaisuwar da na haddace a jirgi, na fara, ta kakare mini a wuya. Ta laluba fuskata da hannu mai ƙamshin man kaɗanya ta ce, “Bar gaisuwar nan, 'yar nan, kada ki wahala.” Sai ta gyara murya, da rawar tsufa a cikinta, ta rera, “Ina jikata ta shiga?” Na amsa. Ta sake, na sake amsawa. Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, kuma ba mu samu yin wata ba, don ta rasu kafin mu sake zuwa. Bayan rasuwarta ne na dage na koyi Hausar da nake rubuta maka wannan da ita, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Yanzu Riyadh ta sauya. Kiɗa yana tashi a shaguna da motoci, ba mai naɗe fiyano a bargo. Kawu ya koma gida da furfura, waƙarsa tana yawo a wayoyi ba sunansa, shi kuma ko a jikinsa. Umma ma ta koma Kano, kuma idan ta kira ta bidiyo 'yata takan ɗaga mata hannu ta gudu.

Shekaranjiyan nan, da 'yata ta ga na tsaya a bakin falo, sai ta tambaye ni da Larabci, “Mama, me yarinyar take cewa?” Na buɗe baki zan fassara mata, sai na fasa. Na kashe na'urar sanyi, na zaunar da ita a gabana, na ce ta bi ni a hankali. “Bata” ta ce. Na ce ta sake, don ranar Juma'a za mu kira Umma.