Kwalba Ɗaya, Yara Biyu

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Hamisu, malamin asibiti a wani ƙauye kusa da Kurawa. Allah ya jiƙan shi. Jama'a na tuna sanyin halinsa. Ni, ƙanwarsa, wata rana guda nake tunawa.

Cikin shekarun fari ne. Rijiyoyi sun ƙafe, mutane na shan ragowar ruwan tabki tare da shanu, sai amai da gudawa suka shigo gari. Na kai masa ɗiyata Rakiya da hantsi, na iske wata Bafillatana daga wajen Burkusuma ita ma da tata ɗiyar. Kwalbar ƙarin ruwa ɗaya ta rage, kuma ba wanda ya san ranar da mota za ta kawo wasu daga Sabon Birni.

Bai yi gaggawa ba. Ya ja fatar cikin kowace, ya duba idanunsu, ya taɓa jijiya, sannan ya ba su ruwa a cokali. Rakiya ta haɗiye. Ɗayar kuwa ruwan ya zubo ta gefen bakinta. Ita ya ɗaura wa kwalbar.

Na ce, "Haba Yaya, jininka fa!"

Ya ce, "Taki na sha, wagga ba ta sha. Yi ta ba taki ruwan gishiri da sukari. Ban san gobe ba, abin da nig gani shi za ni bi."

Ɗiyar Bafillatana ta tashi. Rakiya ta rasu washegari bayan la'asar. Shekara biyu ban taka gidansa ba, kuma ban ji kunyar haka ba.

Yau ma'aikacin lafiya na da waya a aljihu, babur na kawo magani kafin azahar in hanya ta yi lafiya. Da yana raye zai yi murna, amma na san halinsa, sai ya tambayi yaran yanzu da me za su yi aiki ranar da waya ta ƙi.

Yana kwance ciwon ajali na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, "Har gobe ina kukan Rakiya. Amma in an maido ni ranar, da abin da na sani sa'annan, waccan za ni ɗaura ma."

Na daɗe ina laluben inda ya yi kuskure, don in samu wanda za ni ɗora wa laifi. Ban samu ba. Gadon da ya bar mini ke nan, kuma wallahi ya fi fushin nauyi.